MAKIYAYA BIYU, KIƊA ƊAYA: LABARIN ƘUNGIYAR ETRAN FINATAWA

Garin Tabelot yana gindin dutsen Bagzan, cikin ƙasar Abzin. Daga Agadas zuwa can akwai tafiyar kilomita sama da 100, bisa hanya mai duwatsu da ƙoramu. Mutanen garin Abzinawa ne, Kel Ewey. Wasu masu garka ne. Suna noman albasa, da tafarnuwa, da dankalin Turawa, da alkama, da masara. Wasu makiyayan awaki da raƙuma ne. Wasu kuma ƴan ayari ne, masu zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino.

A Tabelot, kamar sauran garuruwan Abzin, kiɗa iri biyu ake ji ranar buki. Da marece mata su kafa tende, masu raƙuma su yi ado su kewaye su. In dare ya yi sai samari su tada injin wuta, su jona gitar, a yi ta rawa. Wannan abu ya daɗe yana kawo gardama. Tsofaffi suna tsoron gitar za ta kashe tende. Samari kuwa suna cewa in kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

To, shin tilas ne sai ɗaya ya kori ɗaya? Akwai wata ƙungiyar makaɗa ta Nijar da ta amsa wannan tambaya da aikinta. Sunanta Etran Finatawa. Ga labarinta, domin manoma da makiyaya su karanta, su yi shawara a kai.

DAGA INA GITAR TA ZO?

Gitar baƙuwa ce a Abzin. Kakanni ba su san ta ba. Farin 1973 da na 1984 ne suka buɗe mata hanya. A waɗannan shekaru dabbobi sun mutu ƙwarai. Samari da yawa suka bar gida, suka nufi Aljeriya da Libiya neman aiki. Ba kowa ya samu ba. Aka riƙa kiransu ishumar. Daga Faransanci aka aro kalmar, ma'anarta marasa aikin yi.

A can baƙunta samarin suka riƙi gitar. Suka riƙa waƙar kewar gida da wahalar zaman ƙasar wani. Ƙungiyar da ta fara yin suna ita ce Tinariwen, ta Abzinawan Mali. A Nijar kuwa wanda ya ja gaba shi ne Abdalla Umbadugu, mutumin ƙasar Agadas, tare da ƙungiyarsa Takrist n'Akal.

Lokacin tawayen da ya tashi a farkon shekarun 1990, an hana sauraren kaset ɗin irin wannan kiɗa. A ɓoye yake yawo, daga hannu zuwa hannu. Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu bisa yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. Daga nan gitar ta fito fili. Ta shiga bukin aure, ta shiga bukin suna, har ta kai ƙauyukan cikin duwatsu.

MAƘWABTA BIYU BISA RIJIYA ƊAYA

Ba Abzinawa kaɗai ke kiwo a arewacin Nijar ba. Akwai Fulani Woɗaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororo, masu jajayen shanu da dogayen ƙahoni. Su da Abzinawa maƙwabta ne tun kaka da kakanni. Suna haɗuwa bisa rijiyoyi. Suna haɗuwa a kasuwannin Abalak, da Adarbisinat, da Ingal.

Babbar haɗuwarsu ita ce ta ƙarshen damina, wajen watan Satumba. A lokacin makiyaya ke kora dabbobi zuwa filayen Ingal, yamma da Agadas, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri. Dabbobi su lasa, su ƙara lafiya. Mutane su gaisa, a ɗaura aure, a yi wasa. Wannan shi ne bukin lasar gishiri.

Amma ko a Ingal, kowa da dandalinsa. Abzinawa suna gefe guda da tende da raƙumansu. Woɗaɓe suna wani gefen. Wasan Woɗaɓe na murya ne. Samari su yi layi, fuska ta sha kwalliya, gashin jimina bisa kai. Mutum ɗaya ya ba da waƙa, saura su amsa, su ja murya mai tsawo. Su yi tafi, su buga ƙafa. Babu gitar a ciki.

Harshe ma ba ɗaya ba ne. Wannan yana Tamajak, wancan yana Fillanci. In ciniki ya haɗa su, yawanci da Hausa suke magana. Kuma kowane makiyayi ya san abin da ke faruwa shekarar da ruwa ya yi ƙaranci. Ciyawa ta yi wuya, layi ya yi tsawo bisa rijiya, rai ya ɓaci. Wani lokaci magana ta kai ga sanda, har ta kai gaban sarki.

HAƊUWAR SHEKARA TA 2004

A ƙasar Mali, tun 2001, an riƙa yin wani babban taro na makaɗa cikin rairayi. Sunansa Bukin Hamada, da Faransanci Festival au Désert. A watan Janairu 2004 an yi shi a Esakan, kusa da Tumbutu. Cikin waɗanda suka je daga Nijar akwai ƙungiyoyi 2.

Ta farko ta Abzinawa ce, masu gitar. Sunanta Etran N'Gefan, wato taurarin tuddan rairayi. Ta biyu ta Woɗaɓe ce, masu waƙa da rawa irin ta gargajiya. Sunanta Finatawa, wato al'adar da aka gada.

A wurin bukin ƙungiyoyin biyu suka hau dandali tare. Abin ya yi daɗi, jama'a suka yaba. Da suka komo Nijar ba su rabu ba. Suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya, mazauninta Yamai. Wajen sa suna ma ba a danne kowa ba. Aka ɗauko kalma ɗaya daga Tamajak, ɗaya daga Fillanci. Aka ce Etran Finatawa, wato taurarin al'ada.

Da farko su 10 ne. Daga baya adadin ya ragu. Cikin Abzinawa akwai Galitan Kamidun da Alhusaini Mohamed Anivolla, masu gitar da waƙa. Cikin Woɗaɓe akwai Bammo Agonla da Bagi Buga, masu ba da waƙa.

YADDA SUKE GINA SABUWAR WAƘA

Haɗa kiɗan mutane biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Gitar mai wuta tana da ƙara. In aka sake ta, sai ta rufe muryar mutum. Waƙar Woɗaɓe kuwa tana son sarari, domin a ji yadda muryoyi ke hawa bisa juna. Saboda haka sai kowa ya rage nasa, ya bar wa ɗan'uwansa wuri.

Wanda ya saurari faifansu zai ji yadda suka yi. A wata waƙar Ba'abzine ne ke bayarwa da Tamajak, gitar tana gaba, Woɗaɓe suna amshi da tafi. A wata kuma Bafillace ne ke bayarwa da Fillanci, gitar ta koma baya tana raka shi a hankali. Wasu waƙoƙin tsofaffi ne da aka yi wa sabon kiɗa. Wasu kuma sababbi ne ful, su da kansu suka tsara su.

Ga kayan kiɗan da suka haɗa.

Na 1, tende. Turmi ne na daka. A rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure. A ƙauye akan sa taɓarya biyu a gefe, mata su zauna a kai domin fatar ta ɗame. A riƙa yayyafa mata ruwa.

Na 2, ƙwarya cikin ruwa. A kife ƙwarya cikin babban mazubi mai ruwa, a riƙa bugu. Muryarta mai kauri ce, ana jin ta daga nesa. Abzinawa suna kiranta asakalabo.

Na 3, akayau. Ƙarfe ne mai zobba da Woɗaɓe ke ɗaurawa a ƙafa. Duk takun da mai rawa ya yi, sai ya amsa.

Na 4, sarewa irin ta makiyaya.

Na 5, gitar mai wuta, da babbar gitar mai kaurin murya.

A duba da kyau. Cikin kayan nan 5, guda 4 babu ƙauyen da ba za a iya samunsu ko a haɗa su ba. Ɗaya ne kaɗai ake sayowa daga birni. Makaɗan ba su jefar da turmi don sun samu gitar ba. Sun ajiye turmi a tsakiya, gitar ta bi shi.

Akwai abin da ya sauƙaƙa haɗin. Waƙa tana da matakan murya, kamar matakan tsani, daga ƙasa zuwa sama. Yawancin waƙoƙin Abzinawa, da na Fulani, da na Hausawa, bisa matakai 5 aka gina su. Yawancin kiɗan Turawa kuwa bisa matakai 7 yake. Tun da tsanin maƙwabtan nan iri ɗaya ne, murya ba ta wahala wajen samun ƴar'uwarta.

Ko a sutura kowa ya riƙe tasa. Bisa dandali Abzinawa suna da rawani da babbar riga. Woɗaɓe suna da kwalliyar fuska da gashin jimina. Mai kallo tun daga nesa ya san wane ne wane.

TAFIYE-TAFIYE DA FAYAFAI

A 2005 ƙungiyar ta fara zagayen ƙasashen Turai. A 2006 faifanta na farko ya fito, ta hannun wani kamfanin birnin Landan mai suna World Music Network. A shekarar kuma ta yi wasa a babban bukin kiɗa na WOMAD a Ingila. A 2007 gidan rediyon BBC ya sa sunanta cikin masu takarar kyautar kiɗan duniya. Bayan haka ta je Amurka, ta je Ostiraliya, da ƙasashe masu yawa.

Faifai na 2 ya fito a 2008. Sunansa Desert Crossroads, ma'anarsa mararrabar hamada. Na 3 ya fito a 2010, sunansa Tarkat Tajje, wato a tashi a tafi. Na 4 ya fito a 2013, sunansa The Sahara Sessions.

Wannan na 4 ɗin yana da labari. Ba a ɗakin ɗaukar murya na Turai aka yi shi ba. A nan Nijar aka yi shi, a daji, cikin tanti. Aka kai na'urori can. Makaɗa suka zauna kamar yadda ake zaman hira a mashekari. Baƙi suka riƙa zuwa, wasu suka sa murya, wasu suka yi tafi, aka ɗauka tare da su. Wato bayan zagayen duniya, ƙungiyar ta koma inda kiɗan ya fito.

ME WAƘOƘIN KE CEWA?

Baturen da ke rawa a Landan ba ya jin Tamajak, ba ya jin Fillanci. Amma makiyayin Nijar in ya saurara zai ji zancen gidansu ne. Waƙoƙin suna maganar fari da ƙarancin ruwa. Suna maganar dabba da mai ita. Suna maganar saurayin da ya rasa garke, ya koma birni, yana kewar daji. Akwai na soyayya, akwai na yabon kyau. Akwai masu kira ga jama'a su riƙe al'adarsu, su zauna lafiya da juna.

Wannan kira ya zo lokacin da ake bukatarsa. Daga 2007 zuwa 2009 tawaye ya sake tashi a Abzin. An dasa nakiyoyi bisa hanyoyi. Baƙi masu yawon buɗe ido suka daina zuwa. Masu garka suka sha wuya wajen fitar da amfaninsu zuwa kasuwa. Mutanen wasu ƙauyuka suka bar gidajensu. Mutanen Abzin ba su manta da waɗannan shekaru ba. A daidai lokacin, ɗiyan Nijar na ƙabilu biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa gaban duniya, suna waƙa ɗaya.

Shi kansa Bukin Hamada, inda suka fara haɗuwa, bai tsira ba. Na watan Janairu 2012 shi ne na ƙarshe da aka yi a Tumbutu. A shekarar yaƙi ya ci arewacin Mali, masu bindiga suka hana kiɗa a garuruwan da suka kama. Makaɗa da yawa suka gudu. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Makaɗi ma ya san haka, domin in gari ya rikice, shi ne na farko da ake cewa ya yi shiru.

BA SU KAƊAI BA NE

Irin wannan aikin haɗin gwiwa ya faru a wasu wurare.

A 2005 wasu makaɗa suka zo Agadas daga Faransa wajen Abdalla Umbadugu. Cikinsu akwai Gizmo, na ƙungiyar Tryo, da Amazig Kateb, ɗan Aljeriya. Suka zauna tare, suka tsara sababbin waƙoƙi. Aka sa wa haɗin suna Desert Rebel. Faifansu ya fito a 2006, suka yi wasanni a Turai. Abdalla ya buɗe makarantun koyon kiɗa 2, ɗaya a Arlit, ɗaya a Agadas, domin yara su koya. Ya rasu a watan Janairu 2020. Allah ya jiƙan sa.

Alhusaini Anivolla, na Etran Finatawa, ya ci gaba da neman abokan aiki. Ya haɗu da wani mai gitar na ƙasar Habasha, Girum Mezmur. Habasha tana can gabashin Afirka, nesa ƙwarai da Nijar. Amma su ma yawancin waƙoƙinsu bisa matakai 5 suke. Makaɗan ƙasashen biyu suka yi wasanni tare, faifansu ya fito a 2020.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A ƙauyen Ilighadad, cikin ƙasar Abalak, wata budurwa mai suna Fatu Saidi Gali ta koyi gitar da kanta, da gitar ɗin wanta. Ita da ƴan'uwanta mata suka kafa ƙungiya mai sunan ƙauyensu. Faifansu na farko ya fito a 2016. Gefe ɗaya gitar ce, gefe ɗaya tende ne zalla. Daga baya suka ɗauki waƙoƙin tende na iyayensu mata suka ɗora bisa gitar. Da wannan suka zagaya Turai da Amurka.

ABIN DA YA RAGE GA MUTANEN TABELOT

Labarin nan ya nuna abu ɗaya a fili. Abin da ya kai makaɗan nan nesa ba gitar kaɗai ba ce. Masu gitar sun cika duniya, har da waɗanda suka fi su kayan aiki. Abin da babu a wani wuri shi ne tende, da ƙwarya cikin ruwa, da akayau, da muryar makiyayi. Da sun bar waɗannan a gida, da babu abin da za su nuna wa kowa.

Duk da haka tsoron tsofaffi ba na banza ba ne. A dubi anzad, gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Mata ne ke kaɗa shi, maza su yi waƙa. A da, in ana anzad, kowa nutsuwa yake yi. Yau matan da suka iya shi kaɗan ne, yawancinsu kuma sun manyanta. A 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Wannan abin alfahari ne. Amma takarda ba ta kaɗa goge. Sai yarinya ta zauna gaban tsohuwa ta koya, sannan zai rayu.

Saboda haka ga shawarwari 4.

Na 1, masu buki su ba tende lokacinsa. Kada a tada injin wuta tun mata ba su gama ba. Amsa-kuwwa ta fi ƙarfin turmi. In aka haɗa su lokaci ɗaya ba tare da shiri ba, turmi ne zai yi shiru.

Na 2, samari masu gitar su je wajen iyaye mata su nemi tsofaffin waƙoƙi. Su tambayi ma'anarsu, da wanda aka yi wa su, da lokacin da ake yinsu. Sabuwar waƙa mai tushe ta fi kwaikwayon abin da aka ji cikin salula.

Na 3, inda akwai tsohuwa mai anzad ko gwanar tende, a tura mata ƴan mata. A girmama ta, a kuma sallame ta da abin kirki, kamar yadda ake sallamar mai gitar. In kuɗin buki duka suna tafiya wajen masu inji, ba yarinyar da za ta so koyon turmi.

Na 4, in baƙin makiyaya ko manoma na wata ƙabila suna kusa ranar buki, a gayyace su. A ba su fili su yi nasu wasan. Wanda kuka yi tafi tare da shi da dare, da wuya ku ɗaga wa juna sanda bisa rijiya da safe.

Mutanen Tabelot ba baƙin wannan hanya ba ne. Tun zamanin kakanni ayarin Kel Ewey ke ratsa Tenere zuwa Bilma. Su ɗauko gishiri da dabino wajen Barebari. Su gangara Damargu da ƙasar Hausa, su samo hatsi. Kowa ya kawo abin da yake da shi, ya karɓi abin da ba shi da shi, ba wanda ya bar harshensa ko rawaninsa. Haka Etran Finatawa suka yi da kiɗa.

Bayan an kwashe albasa, bukukuwa za su zo. Masu tende da masu gitar suna gari ɗaya, sau da yawa ma gida ɗaya. Ya kamata su zauna tun kafin ranar, su shirya wanda zai fara da wanda zai bi, su gwada ko waƙa ɗaya ce tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya ƙara wa ƙasa zaman lafiya. Amin.